Tsohuwar Libarba a Akwatin Marigayi: Yadda Ake Karanta Hatiman da Ke Jikinta

Idan tsohon soja ko tsohon ɗan sanda ya rasu, akan bar akwatinsa na ƙarfe a rufe har a share makoki. Ranar da magada suka zauna buɗewa, abin da aka saba gani bai wuce lambobin yabo, da takardar sallama, da littafin fansho, da hular da asu ya ci ba. A wasu gidajen kuwa, can ƙasan kaya, sai a ci karo da wani abu mai nauyi naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Libarba ce, ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya wadda ke juyawa da harsashi shida. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar nan ta tura 'ya'yanta Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ta tura su Kwango daga 1960, sannan aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma ba duk abin da ya fita daga ɗakin makamai ne ya koma ba.

A Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, wanda ya tsinci irin wannan ba tarihi ne zai fara faɗo masa a rai ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, da abin da ya biyo baya a ƙauyukan da ke bakin dajin Zamfara da na Birnin Gwari, duk magidanci a yankin nan ya san abin da zuciyarsa za ta raya masa. Akwai kuma wanda ba gado ya ci ba, wani ne ya ja shi gefe a ranar kasuwa ya raɗa masa cewa yana da 'yar ƙarama ta sayarwa, ƙirar Ingila, ga ma hatimin kamfani a jiki in yana shakka. Da su biyun nake magana. Waɗannan ƙananan zane-zanen da aka buga a jikin ƙarfen suna da ma'ana, ana karanta su, kuma wanda ya iya karatun zai san me yake riƙe da shi. Sau da yawa abin da suke faɗa ba shi ne abin da mai tallar yake faɗa ba.

Kafin ka kai ido kusa

Ɗan'uwa, ka ƙaddara cewa akwai harsashi a ciki, ko da kuwa gwaggo ta rantse tun kafin a haife ka ba a taɓa ta ba. Harsashin da ya shekara sittin a wuri busasshe yana iya tashi. Kada yatsanka ya shiga zoben da kunama take, kada ka ja 'yar gudumar da ke baya don ka ji ko tana aiki, kada bakin ya kalli mutum ko katangar da mutane ke bayanta. A fitar da yara daga ɗakin. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa ka ajiye ta a kai, bakinta na kallon buhun ƙasa ko tudun da babu kowa. Yawancin hatiman da za mu yi magana a kansu a waje suke, ba sai an buɗe komai ba, kuma buɗewar aikin wanda ya san makami ne.

Kayan aikinka tocila ce, da alli, da takarda da biro. Ka haska daga gefe, ba daga sama ba, domin inuwa ce ke fito da zanen da ya dushe. In ka goga alli a wurin ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramin haruffan su fito sarai. Kada ka sa samfefa ko magagari da sunan cire tsatsa. Za ka cinye zanen, sannan duk jami'in da ya gani daga baya zai ce lamba ka yi niyyar gogewa.

Kuma ka rubuta a takarda, kada ka ɗauki hoto da waya. Hoton bindiga a wayar saurayi a shingen bincike tsakanin Sheme da Funtuwa ba abin da za a tsaya sauraron bayaninsa ba ne. Tura shi zauren WhatsApp don a taya ka gane ƙirar kuwa, sanar da duniya ne cewa akwai makami a gidanku.

Hatimi iri-iri ne

Mutane kan haɗa su duka su kira su hatimin kamfani, alhali hannuwa daban-daban ne suka buga su, a lokuta daban-daban. Akwai sunan maƙera da garinsu, wanda galibi yake saman bututu ko a gefen jiki. Akwai lambar bindigar, wadda ita kaɗai ke da ita. Akwai ɗan ƙaramin tambarin mai duba aiki, wato ma'aikacin da ya auna wani sashe ya ga ya yi daidai, ya buga harafinsa ko lambarsa don in an sami aibi a san wanda za a tambaya. Akwai hatimin gwaji. Sannan akwai na mallaka, wanda ke cewa wannan kayan gwamnati kaza ne.

Hatimin gwaji shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. A ƙasashe irin su Ingila da Beljiyam da Jamus da Faransa, doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba sai an kai ta wani gida na musamman an harba ta da harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, fiye da wanda za ta riƙa ci kullum. A ƙa'idar hukumar C.I.P., wadda ta haɗa gidajen gwaji na ƙasashe da dama tun 1914, ƙarin ya kai kashi 30 cikin 100 ga ƙananan bindigogi. In ta jure, ba ta tsage ba, ba ta kumbura ba, sai a buga mata tambari. A libarba kowane ramin harsashi sai an gwada shi, shi ya sa a waɗanda suka bi ta Ingila za ka ga tambari iri ɗaya ya zagaye gangar sau shida. In ka ƙirga ka ga haka, ba kuskure maƙeri ya yi ba.

Ta Ingila

Ita ce ta fi yawa a akwatunan tsofaffinmu, don haka a nan za mu daɗe. Sunan da za ka fi gani shi ne Webley, na birnin Bamingham. Ita ce libarbar sojan Ingila tun 1887, wato tana bakin aiki lokacin da Turawa suka shigo Kano da Katsina a 1903. Siffarta ba ta ɓuya: karyewa take yi a tsakiya, bututu ya sunkuya ƙasa, gangar ta bayyana. Babbar cikinsu, Mark VI, an fara ba sojoji ita a 1915, kuma za ka ga .455 a jikinta, faɗin harsashinta ke nan a ma'aunin inci. Daga 1932 aka koma ƙarama mai cin .38, ƙirar masana'antar gwamnati da ke Enfield, mai suna No. 2 Mark I. In ka ga ɗan tauraro bayan wannan sunan, kuma gudumar ba ta da wurin kama yatsa, ba karyewa ta yi ba, haka aka riƙa ƙera su daga 1938. Wata Webley mai cin .38 kuma za ka ga an rubuta WAR FINISH a gefenta. Kamfanin ne yake wanke kansa: aikin gaggawa ne na lokacin yaƙi, kada a ga kaushin jikin a ce haka suka saba.

Ka fara neman kan kibiya, layi uku gajeru da suka haɗu a sama. Wannan shi ne tambarin mallakar gwamnatin Ingila, a tsofaffi ma za ka gan shi tsakanin W da D, haruffan ma'aikatar yaƙi. Duk bindigar da ke ɗauke da shi ta soja ce. In aka sallame ta daga aiki aka sayar bisa ƙa'ida, sai a buga wata kibiyar ta fuskanci ta farko, kai da kai, har su yi kamar tauraro. Kibiya ɗaya tilo, ba abokiyar gaba, tana nufin babu wata shaida a jikin ƙarfen cewa an taɓa sallamar ta. Mai yiwuwa an miƙa ta ga rundunar Nijeriya lokacin samun 'yanci, mai yiwuwa kuma a jakar wani ta bar bariki.

Kusa da nan akwai kambin sarauta da haruffa biyu a ƙasansa, sau da yawa tare da wasu tutoci biyu da aka gicciye da harafin P. Gwajin soja ke nan. Haruffan na mai mulkin lokacin ne: V.R. Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901, E.R. ɗanta Edward har 1910, G.R. kuma sarakuna biyu masu suna Joji, daga 1910 zuwa 1952, ban da mafi yawan watannin 1936. Ƙananan kambunan da ke warwatse ko'ina, kowanne da lamba ko harafi a ƙasa sannan E ko B, su ne na masu duba aiki, E na Enfield, B na Bamingham. Kada yawansu ya ruɗe ka. Ba daraja suke ƙarawa ba, nuni ne kawai cewa kowane sashe ya bi ta hannun wani.

Gwajin farar hula gida biyu ke yin sa: na Landan, wanda ƙungiyar maƙeran bindiga ke riƙe da shi tun 1637, da na Bamingham da aka kafa a 1813. Na Bamingham ya fi sauƙin karantawa. Kambi a kan BV da BP na tsakanin 1904 da 1954 ne, kambi a kan BNP kuma daga wajen 1954 zuwa gaba. Harafin N a nan yana nufin an gwada da albarushin zamani marar hayaƙi. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne: bindigar da aka gwada da baƙin albarushi kaɗai, irin wanda mafarauta ke ɗura wa adaka, ba a gina ta don ƙarfin harsashin yau ba. Tsohuwar libarbar soja mai BNP, da rubutu irin .38 .767 3.5 TONS a bututu, labarinta a fili yake: bayan ta gama aikin soja ta bi ta hannun dillalai a Ingila, aka sake gwada ta kafin a sayar. Lambar farko faɗin harsashi, ta biyu tsawon kwanso, ta uku ƙarfin matsin da aka amince mata. In kuma ka ga NOT ENGLISH MAKE, baƙuwa ce da aka gwada a can tsakanin 1925 da 1955.

Haruffa biyu ne nake so ka riƙe ko da ka manta sauran: DP. Ma'anarsu sojojin da kansu sun yanke cewa wannan ba ta harbi ba ce, ta fareti da koyar da riƙo ce kurum. Wadda masu ita suka cire daga harbi shekaru saba'in da suka wuce ba ta warke a cikin akwati ba. FTR kuwa gyara ne na gaba ɗaya da aka yi mata a masana'anta, galibi da shekarar a gefe.

Sauran ƙasashe

Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, kowane kamfani shi ke gwada kayansa. Colt kan buga V da P a cikin 'yar kusurwa uku a jikin zoben kunama. A Smith & Wesson, lambar gaskiya tana ƙarƙashin gindin mariƙi. Lambobin da ake gani a lungun da ganga ke fita ba ita ba ce, na haɗa sassa ne a masana'anta, kuma mutane da yawa su suke kwafewa su ce lambar bindiga ce. Daga 1957 kamfanin ya fara buga lambar samfuri a wannan lungun, kamar MOD. 10. Wadda lambarta ta fara da V ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ce, an ƙera su da yawa an ba Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, kuma a samanta akan ga U.S. PROPERTY da G.H.D., haruffan sunan hafsan da ya shugabanci dubawa.

Birnin Liyej na Beljiyam ya daɗe yana ƙera wa kasuwannin Afirka bindigogi masu araha. Tambarinsa E, L, G ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai, da ɗan tauraro a ƙasa. In da kambi a saman da'irar, daga 1893 ne zuwa gaba. Tauraro a kan harafi guda mai duba aiki ne, zaki a kan PV kuma gwajin albarushi marar hayaƙi. Yawancin ƙananan libarbobin Liyej na da ba su da wannan zakin.

Ta Faransa kan shigo ta Nijar, tun da Maraɗi ba nisa. Samfurin 1892 ne aka fi sani, da sunan Saint-Étienne a rubutun hannu mai lanƙwasa a gefe, da S da shekarar ƙira a bututu, kuma gangarta dama take fita ba hagu ba. Jamus kambi ne a kan N kafin 1939, daga baya mikiya a kan N. Garin Eibar na Sifen kuwa ya shahara da kwaikwayon Smith & Wesson. Dabararsu ita ce su rubuta da manyan haruffa cewa bindigar tana cin harsashin Smith & Wesson, mai saye ya hango sunan ya ɗauka ƙirar kamfanin ce.

Hatimin ƙarya

Buga tambari ba wuya. Duk mai guduma da 'yan ƙarafan haruffa zai iya. A garin Darra Adam Khel na Pakistan an fi shekara ɗari ana ƙera Webley da Enfield na jabu da hannu, har da kambi da kibiya, kuma masana kan gane su ne da kurakurai: harafin N a juye, suna ba a rubuta daidai ba, ko V.R. tare da shekarar da Biktoriya ta daɗe a kabari. A nan gida ma maƙera sun iya, tun daga Awka har ƙauyukanmu, kuma ba baƙon abu ba ne a ga ƙirar gida an buga mata MADE IN USA ko ITALY don ta yi kuɗi.

Ga abin da za ka duba. Sunan kamfani a masana'anta da inji ake buga shi gaba ɗaya, don haka haruffan kan tsaya a layi, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Na hannu ɗaya bayan ɗaya ake bugawa, wani ya hau, wani ya sauka, wani ya nutse. Tambarin masu duba aiki kam da hannu ake buga shi ko a can, don haka ɗan karkacewarsa ba laifi ba ne. Abin lura na biyu shi ne ko labarin ya haɗu. Sunan Amurka da hatimin Liyej, ko MADE IN ENGLAND ba tare da ko tambarin gwaji ɗaya ba, ko shekarar 1944 da haruffan sarkin da bai yi zamani da ita ba, duk magana ce da ta ci karo da kanta. Na uku, walda. Masana'antun nan ba sa haɗa bututu da jiki da walda.

Sai lamba. A Webley da Enfield ana buga ta a jiki, a bututu, da kuma ganga. In ukun ba su zo ɗaya ba, an haɗa ta ne daga gawarwakin bindigogi biyu ko uku. A libarba wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin kowace ganga da hannu aka daidaita ta da jikinta don ramin harsashi ya tsaya daidai saitin bututu. In ya kauce ko kaɗan, gefen harsashin zai daki bakin bututun, ɓarɓashin dalma ya fita ta gefe, wajen hannu da fuskar mai harbi ko na kusa da shi.

In kuwa wurin da lamba ya kamata ta kasance ya yi sumul, ko ya ɗan lotsa, ko launinsa ya bambanta, an goge ta. Ba wanda ke goge lambar bindigar halal. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne na 'yan sanda ba a san inda suke ba. Ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda ta duba makaman da aka kama a jihohin Katsina da Zamfara da Kaduna ta fitar da rahoto a Janairun 2020, da irin waɗannan hatiman ta bi sawun wasu har zuwa rumbunan gwamnatocin ƙasashen yankin nan. Wanda ya sayi mai gogaggiyar lamba ya sayi duk abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunsa, kuma gogewar ba ta cika ɓoye komai ba, don bugun yakan bar sawu a cikin ƙarfen da masu bincike ke iya fito da shi.

Abin da hatimi ba ya faɗa

Tsagar fuska takan gaya maka Bagobiri ne ko Bakatsine, ba ta gaya maka ko yana da lafiya yau. Haka hatimin gwaji yake. Shaida ce a kan rana ɗaya, ranar da aka harba ta a Bamingham ko Liyej ta jure. Bai san damina tamanin da ta yi a ɗakin ƙasa ba, bai san tsatsar da ta ci cikin bututu ba, bai san wani maƙeri ya taɓa ta ba. A Ingila kanta, bindigar da ƙarfenta ya zaizaye ko aka sauya mata wani abu ta fita daga gwaji a idon doka, laifi ne a sayar da ita ko da tambarin na nan raɗau.

Lambar harsashi ma tana yaudara. .38 na Ingila da .38 Special na Amurka suna ne ya zo ɗaya, amma faɗi da tsawo da ƙarfi duk sun bambanta. Bayan yaƙi dillalai sun ƙwaƙule ramukan dubban masu lambar V don su karɓi na Amurka, abin da ke sa kwanso ya kumbura ko ya tsage a ciki. An kuma aske bayan gangar Webley .455 da yawa don su ci harsashin .45 na Amurka, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da aka gina su a kai. Tsohon rubutun yana nan a jiki, amma bindigar ba ita ba ce kuma. A wurin da harsashi sai wanda aka samu a ɓoye ake cusawa, wannan hanya ce ta rasa yatsu.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ban raina ta ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, da bakinsa ya ce mutane su tashi su kare kansu. Amma a duba abin da ake magana a kai: ƙarfe mai shekara tamanin, harsashi shida da ba a da tabbacin za su tashi, a hannun wanda bai taɓa harbi ba, a gaban masu AK-47 a kan babura. Wannan ba kariya ba ce. Abin da ya fi yiwuwa shi ne yaro ya gano maɓoyarta, ko labarinta ya kai kunnen masu kai rahoto daji a zo nemanta. Mai son tsayawa garinsu yana da ƙofa: rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 daga irin waɗannan ƙananan hukumomin ta ɗebi matasa, aka horar da su, aka ba su makamai da sanin hukuma.

Doka, da yadda za ka rabu da ita lafiya

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin adaka, lasisinsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa suna rukunin farko, na haramtattu, jeri ɗaya da bindigar soja da mashinga, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Babu tambarin Landan ko na Liyej da ke rage ko kwana ɗaya.

Lasisi kuma ba ya shiga rabon gado. Ko marigayin yana da takarda, dokar kwana 14 kacal ta ba magada bayan rasuwarsa su riƙe makamin, wato tun kafin a yi sadakar arba'in wa'adin ya wuce. Malamin da ke raba gado ya cire ta daga lissafi, kada a yi mata kuɗi a ɗora wa wani a kasonsa.

Kada ka sa ta a aljihu ka hau babur zuwa caji ofis. In an tare ka a hanya, niyyarka ba a rubuce take a goshi ba. Ka bar ta inda take, a kulle. Ka sami mai unguwa ku je wurin dagaci, in da hali a sanar da hakimi, sannan ku tafi tare wurin DPO da takardar da ka rubuta, ku ce: ranka ya daɗe, ga abin da muka tarar a kayan mahaifinmu, muna so a zo a ɗauka. In akwai lauya a dangi ko a gari, a tafi da shi. Ku haɗa da takardar sallamar marigayin da duk wani tsohon lasisi, don su ne ke bayyana yadda aka yi ta shigo gidan. A nan ne karatun da ka yi zai yi maka rana: kibiyar Ingila da G.R. da 1943, a gefen takardar sojan da ya je Bama, magana ce da ta haɗu, kuma kowane jami'i zai ga bambancinta da sabuwar bindiga mai gogaggiyar lamba. Akwai kuma cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ita ke tattara irin waɗannan ta lalata.

Ranar da za a ɗauka, a yi a gaban shaidu, jami'in ne zai buɗe ta ya fitar da abin da ke ciki. Ka nemi takardar karɓa mai ɗauke da sunan ƙira, da faɗin harsashi, da lambar bindigar harafi da harafi kamar yadda ka kwafa, da adadin harsasan da aka samu, da kwanan wata, da suna da lambar jami'in da ya karɓa. Ka gwada lambar da ya rubuta da wadda ke takardarka kafin kowa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin babban gida.